Tsuntsun da ya ɗinke ganyen shuwaka a Malali

Wata malamar firamare da ke zaune a Malali, cikin garin Kaduna, ta aiko da tambaya. Ta ce ta zagaya bayan ɗakin girki tsinkar shuwaka, sai ta tarar an haɗa ganye uku an ɗinke su da wani farin zare, ga ƙwai biyu ƙanana a ciki. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu da ba ya barin wurin, toka-toka, fukafukansa kore-kore, kullum wutsiya a ɗage, yana kuka kamar jaririn ɗan akuya. Tana so ta san wane tsuntsu ne, ko shi ya yi ɗinkin, da abin da za ta gaya wa yaranta da suka matsa sai an ciro musu.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin a kai hannu. Kwatancen da kika yi ya isa in ba ki amsa ba kwana-kwana. Tsuntsun nan shi ne masana ke kira Camaroptera brevicaudata, wato kamaroptera mai tokar baya, kuma shi ya yi ɗinkin da bakinsa. A gidanmu yara sun daɗe da laƙaba masa suna tela, ni ma da shi zan riƙa kiransa don ya fi daɗin faɗa.

Da launi kawai kika ba ni, da ban yarda na yanke ba. Ƙananan tsuntsaye masu ruwan toka da ruwan ƙasa sun yi yawa a Kaduna, kuma hasken safiya daban, na rana tsaka daban, na ƙarƙashin ganye daban. Kukan da kika ambata shi ya raba gardama. An ce gani ya kori ji, to a sha'anin irin waɗannan tsuntsaye ji ne ke jan mutum ya kai shi ga gani. Tela yana da murya iri biyu, kuma sun bambanta har mutane da yawa kan ɗauka tsuntsaye biyu ne. Ta farko ita ce wadda kika ji, siririya, ta hanci, mee, mee, da ɗan ja a ƙarshe. Kukan gargaɗi ne. Yana yin sa idan kyanwa ta gitta, ko maciji, ko ke kanki kin matso kusa da sheƙa. Har a Turanci ɗaya daga cikin sunayensa ma'anarsa mai kukan akuya ne. Ranar da na fara saninsa, a bakin kogin Kaduna ta wajen Gamji, na tabbata a raina ɗan akuya ne ya maƙale a sarƙaƙiya. Na tsuguna ina buɗa rassa ina leƙe, sai ga wani ɗan abu a kan reshe daf da fuskata, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe baki, kukan ya fito daga cikinsa. Na daɗe a tsugune ina kallon ikon Allah.

Murya ta biyu ta namiji ce, kuma ba ta da alaƙa da akuya ko kaɗan. Ƙara ce mai kaifi, cap, cap, cap, cap, a jere, kamar ana gwara tsakuwa biyu. Yakan bar ƙasa ya hau reshe mai ɗan tsawo ya yi ta, musamman da sassafe da bayan an ɗauke ruwa. Ki kasa kunne gobe bayan asuba, ina kyautata zaton za ki ji ta a kan mangwaro ko darbejiyar da ta fi kusa da shuwakar. Wani lokaci kuma, idan yana zawarci ko yana korar wani namijin, zai riƙa tsalle sama da ƙasa yana kaɗa fukafukai suna ba da wani sauti, far, far, kamar ana karkaɗe ƙyalle. Duk wanda ya riƙe waɗannan muryoyi zai gane cewa tela ya cika garin nan. Yana Unguwar Rimi, yana Barnawa, yana Kabala, yana lambunan bakin kogi, ana wuce shi kullum ba a sani ba.

Idan kin samu ya tsaya, ga abin da za ki duba. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 10 zuwa 11 ne, kusan kashi biyu cikin uku na biro. Nauyinsa wajen giram 10, kamar ɗunƙulen magi biyu da rabi a tafin hannu. Kai da baya toka-toka, fukafukai kore mai duhu irin na ganyen da ya kwana biyu, kuma wannan rabuwar launi tsakanin baya da fiffike ita ce babbar alamarsa ta ido. Maƙogwaro da ƙirji toka mai haske, ciki fari-fari. Baki baƙi, siriri, miƙaƙƙe. Ƙwayar ido ruwan goro. Ƙafafu ruwan hoda, dogaye idan aka gwada da jikin, a saman su kuma gashin cinya rawaya-rawaya ne, sai ka ce ya sa ɗan gajeren wando. Wannan wandon ba kowa ke lura da shi ba, amma wanda ya taɓa ganinsa ba ya mantawa. Fuskarsa ba ta da farar gira mai fitowa sosai, ki riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba. Mace da namiji kamarsu ɗaya.

Sai tsayuwarsa, wadda a wurina ta fi launi muhimmanci. Wutsiya gajera, a ɗage sama har wani lokaci ta karkato wajen baya, fukafukai a ɗan sake ƙasa, jiki a dunƙule. Ba ya zama wuri ɗaya. Tsalle yake daga wannan reshe zuwa wancan a cikin duhuwa, yawanci ƙasa da tsayin mutum, yakan ma sauko ƙasa ya yi kiwo cikin busassun ganye. Idan zai ƙetare fili, da sauri yake yi, ƙasa-ƙasa, ya faɗa duhuwa ta gaba.

Akwai wani abu da ke rikita ko waɗanda suka daɗe suna kallon tsuntsaye. Telan da ke ƙasashenmu na arewa yana sake gashi bayan damina. Da hunturu tokar bayan nan takan koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙirjin ya yi haske, sai ki ga kamar wani baƙo ne ya zo. Shi ne dai. 'Ya'yan da suka fito daga sheƙa kuma sukan fi iyayen kore da rawaya. Saboda haka hoton da kika gani a littafi ko a waya zai iya saɓa wa wanda ke bayan ɗakinki a watan Disamba, alhali wutsiya da kuka ba su canza ba.

Kama da wane ba ta wane. Wanda aka fi rikita shi da tela a gidajen Kaduna shi ne Prinia subflava, ɗan uwansa ne na dangi ɗaya, girmansu kusan ɗaya, shi ma yana ɗaga wutsiya. Amma wutsiyarsa doguwa ce siririya, yana karkaɗa ta gefe da gefe, da rani ma takan ƙara tsawo. Yana da farar gira a fili, bayansa ruwan ƙasa, kwiɓinsa ja-ja kamar an shafa masa jar ƙasa, fiffikensa babu kore. Ya fi son ciyawa mai tsawo, bakin gona, kangon fili, wurin da rana ke bugawa, shi kuwa tela inuwa yake so. Kukansa tsirit, tsirit, tsirit ne a jere ba hutawa. Sheƙarsa kuma saƙa ce, da siraran ciyawa yake saƙa ta kamar 'yar jaka mai ƙofa a gefe. Idan kin ga doguwar wutsiya da farar gira, ba tela ba ne.

Akwai Sylvietta brachyura, wanda shi kamar ma ba shi da wutsiya, cikinsa ruwan goro mai haske, yana bin rassan bishiya yana leƙa ƙarƙashin ɓawo. Akwai Eremomela pusilla mai rawayan ciki da farin maƙogwaro, wanda ke yawo ƙungiya-ƙungiya a saman ɗorawa da marke, ba ya saukowa shinge. Matan tsuntsayen nan masu shan ruwan fure su ma kore-kore ne, amma bakinsu a lanƙwashe yake kamar lauje. Waɗannan duk kallo ɗaya ya isa a raba su.

Daga wajen watan Oktoba zuwa Maris ko Afrilu kuma 'yan ci-rani kan sauka. Wanda aka fi gani shi ne Phylloscopus trochilus, kore-kore mai gira rawaya-rawaya, wanda ke hayayyafa a Turai da arewacin Asiya, ya ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara ya zo ya yi hunturu a wurinmu, alhali nauyinsa bai wuce na tela ba. Ki dubi fiffiken su biyun, za ki karanta rayuwar kowanne. Na ɗan ci-rani dogo ne mai tsini, irin na mai doguwar tafiya. Na tela gajere ne, zagayayye, wanda ya dace da kurɗawa tsakanin rassa da tashi farat ɗaya. Tela ba ya zuwa ko'ina. Inda kika gan shi da damina, nan za ki same shi da bazara, muddin duhuwar tana nan. Shi ɗan ci-rani ba ya ɗaga wutsiya irin haka, ba ya kuma yin sheƙa a ƙasarmu. Da damina ma ba ya nan.

Wata gaskiya da ya kamata in faɗa miki ita ce ɗinki kaɗai ba ya zama shaida. A jihar nan akwai wasu 'yan uwansa da su ma ke ɗinke ganye, irin su Cisticola erythrops mai jar fuska da Cisticola cantans mai jan kai. Sun ɗan fi shi girma, bayansu ruwan ƙasa, wutsiyarsu ta fi tsawo kuma tana da ɗigon baƙi da fari a ƙarshe ta ƙasa, sun fi son ciyayi masu kauri a bakin rafi da fadama. Da a lambun bakin kogi kika sami sheƙar, ba ki kuma ga mai ita ba, da sai na ce mu dakata. Amma ɗinki, da koren fiffike a kan tokar baya, da gajeriyar wutsiya a ɗage, da kukan ɗan akuya, idan suka haɗu a tsuntsu ɗaya a bayan gida a Malali, tela ne.

Yanzu ɗinkin kansa, wanda shi ya ja hankalinki, ni ma shi ya riƙe ni shekara da shekaru.

Yakan zaɓi tsiro mai ganye masu faɗi da laushi, waɗanda ke rataye kusa da juna, galibi daga gwiwa zuwa ƙugun mutum. Shuwaka ta dace da wannan sosai. Bakinsa shi ne basillarsa. Zai kama gefen ganye ya huda, ya matsa gaba kaɗan ya sake hudawa, ya bi gefen ɗaya ganyen ya yi haka. Zaren kuwa saƙar gizo-gizo ce, wani lokaci da zaren tsiro mai laushi. Zai tura zaren ta huda, ya zagaya ya jawo shi ta ɗaya gefen, ya ja har ganyen biyu su matso. Ba ɗinki ne mai tafiya a jere irin na keke ba. Kowace huda kusan zaman kanta take, kuma bakin zaren da ya fito waje yakan dunƙule ya yi ɗan tsukuu kamar ƙullin da tela ke yi a ƙarshen zare don kada ya zare. Waɗannan ƙananan fararen ɗigon da kika gani a bayan ganyen su ne. Saƙar gizo-gizo tana da danƙo, tana miƙewa ba ta tsinke ba, shi ya sa iska ke kaɗa reshen ɗinkin bai ɓalle ba. Idan aljihun ya haɗu, sai ya shimfiɗa ainihin sheƙar a ciki da siraran ciyawa da abu mai laushi irin audugar rimi, ya kuma ɗinke ta da bangon ganyen. Sau da yawa yakan jawo wani ganye daga sama ya zama rumfa, ruwan Agusta ya zuba a kai ya gangare.

Hikimar da ke ciki ita ce ba ya tsinke ganyen. Hudar ƙanana ce, ba ta kashe shi, don haka gidan yana nan kore shar kamar sauran ganyen da ke kewaye da shi har 'ya'ya su tashi. Sheƙar busasshiyar ciyawa a cikin koren ganye ana hango ta. Wannan kuwa sai wanda ya kai hannu kamar yadda kika kai.

Ni ban kai hannu da sa'a irin taki ba. Wata shekara, a watan Yuli, shingen da ke gefen gidanmu ya yi yawa har yana tare hanya, na ɗauki adda na sassabe shi da yamma. Ina tattara rassan sai na ga ganye biyu a manne. Na buɗa, ga ƙwai uku, ɗaya ya fashe, sauran biyun da ɗuminsu. Iyayen suna kan katanga suna ta mee, mee, har magariba. Tun da rana nake jin kukan nan, na san ma'anarsa sarai, gaggawa ce ta hana ni tsayawa in duba. Na ɗaure reshen a jikin wani da igiya ko za su dawo, kafin azahar ta gobe ganyen ya yi yaushi, aljihun ya saki, ba su dawo ba. A ranar na zauna da sheƙar a hannu na dubi ɗinkin da kyau, huda bayan huda, kowace da ɗan ƙullinta. Tun daga lokacin ba a taɓa shinge a gidana daga farkon damina sai an yi kaka. Na kawo wannan ne don ki san cewa yanke reshen a mayar da shi wani wuri ba ya aiki. Ran gidan yana jikin tsiron.

Yakan yi ƙwai biyu ko uku, wasu farare, wasu shuɗi-shuɗi mai haske, wasu da ɗigo-ɗigo ja-ja, wasu babu. Tunda biyu kika gani, mai yiwuwa an gama, mai yiwuwa kuma na uku na tafe, domin ɗaya ake yi a rana. Kwanci wajen mako biyu ne, 'ya'yan kuma su yi wajen mako biyu a sheƙa kafin su fita. Ke nan wata guda kacal ake roƙo a wurinki. Uwa da uba duka suna ciyarwa. A nan arewa da damina suke hayayyafa, dalilin kuma a fili yake: lokacin ne ganye ke da faɗi da laushin ɗinkawa, lokacin ne kuma tsutsa da ƙwari ke da yawa. Abincinsa ke nan, tsutsar ganye, ƙananan buzuzu, ƙudaje, 'yan fara, gizo-gizo, da ƙwan ƙwari da yake tsinta a ƙarƙashin ganye. Ba ya cin hatsi, ba ya taɓa 'ya'yan itace na lambu. Idan 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, ki sa kujera daga nesa ki ƙirga sau nawa iyayen ke shiga da abinci cikin rabin awa. Duk abin da ke bakinsu daga jikin shuwakarki da gwaibarki da zogalenki aka ciro shi.

Da yawa daga cikin sheƙun ba sa kai labari. Kyanwa ce babbar matsala a cikin gari, sai maciji, da ɓera, da ragon maza wanda ke bin shinge a hankali yana neman ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye. Akwai kuma wasu dangin ragon maza na nesa, jinsin Chrysococcyx, masu ƙyallin kore, waɗanda ba sa yin sheƙa sam, sai su saka ƙwansu a ta wani ya yi musu reno. A kudancin Afirka an rubuta kamaroptera cikin waɗanda ake yi wa haka. Shi kuwa mai doguwar wutsiyar nan da na ambata, Prinia subflava, nasa maƙiyin wani ɗan tsuntsu ne mai suna Anomalospiza imberbis. Binciken da Claire Spottiswoode ta Jami'ar Cambridge ta yi shekaru tana yi a yankin Choma na ƙasar Zambiya ya nuna kowace macen Prinia subflava tana da launi da zanen ƙwanta, wata ja, wata shuɗi, wata fari, kamar sa hannu, kuma idan ta ga ƙwan da bai yi kama da nata ba sai ta jefar da shi waje. Na kauce kaɗan, amma ina so ki ga irin abin da ke gudana a cikin ciyawar da muke wucewa.

Sunan nasa ma yana da ma'ana. Camaroptera daga Girkanci ne, fiffike mai lanƙwasa kamar baka, brevicaudata kuma Latin ne, mai gajeriyar wutsiya. Wani likita Bajamushe a Frankfurt, Philipp Jakob Cretzschmar, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1830, daga tsuntsayen da Eduard Rüppell ya tattaro a tafiyarsa ta arewa maso gabashin Afirka, samfurin kuma daga Kordofan ta ƙasar Sudan ya fito. Yana nan daga Senegal har Habasha, ya gangara har Namibiya da Botswana. A dazuzzukan kudancin Najeriya akwai wani reshensa da ya fi namu duhu. A gabar gabas da kudancin Afirka kuma akwai mai koren baya, Camaroptera brachyura, wanda wasu masana ke ɗauka jinsi ɗaya ne da namu, wasu su raba su biyu. Na faɗi haka ne don idan kin duba a waya kin ga an ba ki wannan suna na biyu, kada ki ce an yi kuskure, saɓanin masana ne. Danginsu duka ana kiransa Cisticolidae, kuma cikinsa ne shahararren tsuntsun ɗinki na Indiya yake. Mutane na kallon bidiyonsa a intanet suna mamaki, ga ɗan uwansa yana aiki iri ɗaya a bayan ɗakin girki.

Ba ya cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu a duniya. Amma a unguwa yana iya ƙarewa, kuma na ga hakan da idona. A daji wurinsa kurmi ne, da bakin rafi, da duhuwar da ke tsirowa a kan suri. A gari kuwa shingen lalle, da bini-da-zugu, da gindin mangwaron da ba a share ba, da kusurwar da aka bar wa ciyayi. Gidan da aka sare shinge aka ja katangar bulo, aka shimfiɗa intalok daga ƙofa har bayan gida, aka bi ragowar da maganin ciyawa, babu abin da tela zai ci, babu inda zai ɓuya. Tunda kuma ba mai dogon tashi ba ne, idan gidaje goma a jere suka zama haka, wanda ke can ba ya iya ƙetarowa nan. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi su ma suna kashe abincinsa, su kashe gizo-gizon da ke ba shi zare. Ba na cewa a bar gida ya zama jeji, maciji gaskiya ne, sauro gaskiya ne. Kusurwa ɗaya mai inuwa, taku uku ko huɗu, wadda ba a fesawa, ta ishi ma'aurata guda.

Game da yara, kada ki kore su daga abin, ki jawo su ciki. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, cewa suna cikin tafiya sai suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Ki karanta musu wannan, sannan ki ba su aiki. Babban ya riƙe littafi yana rubuta kwanan wata da abin da aka gani. Na tsakiya ya zama mai gadin kyanwa. Ƙaramin ya koyi kukan. A ajiye danƙo har sai an gama. Yaron da aka ba amanar sheƙa ba ya bari wani yaron ya taɓa ta.

Ana yawan cewa idan mutum ya taɓa ƙwai uwar za ta ji wari ta gudu. Ba wari ne ke kore ta ba. Yawan zuwa ne, da daɗewa a wurin har ƙwan ya huce, da buɗa ganyen har ɗinkin ya saki, da kuma hanyar da ƙafa ke yi a ciyawa wadda kyanwa ke bi. Taɓawar da kika riga kika yi ba za ta hana ta dawowa ba in sha Allahu. Daga yanzu leƙe ɗaya a kwana uku ya isa, mutum ɗaya, lokacin da uwar ta fita kiwo, ba da sassafe mai sanyi ba, ba kuma ana ruwa ba. Shuwakar miya ki tsinka ta ɗaya gefen, ki bar ganyen da ke sama da sheƙar da na kewayenta, su ne rumfa, su ne labule. Kada kuma a kunna masa kukansa daga waya don ya fito. Zai ɗauka wani namiji ne ya shigo masa gida, ya bar abin da yake yi ya zo faɗa da abin da babu shi.

Abin da wayar za ta yi miki shi ne naɗar murya. Sakan talatin na kukan nan ya fi hoto goma marasa kyau amfani wajen tabbatarwa. Idan kina da sha'awa, abin da kika gani yana da inda za a ajiye shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, masu sa kai suna rubuta tsuntsayen da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ƙasar nan tana da tsuntsaye sama da iri 900, kuma labarin sheƙa mai kwanan wata, da sunan tsiron da aka yi ta a kai, da adadin ƙwai, abu ne da masu bincike ke nema.

Ranar da 'ya'yan za su fita, za ki gan su a ƙasa ko a ƙananan rassa, wutsiya guntuwa, gefen baki rawaya, ba su iya tashi sosai ba. Yara za su ce sun faɗo ne, a taimaka musu. Ba faɗowa suka yi ba, haka suke fita, iyayen suna kusa suna ciyar da su, za ki ji mee, mee ta ko'ina. Kwana uku ko huɗun nan a kulle kyanwa a ɗaki. Bayan mako guda, idan kin tabbata babu mai shiga, sai ki yanke reshen da almakashi, ki sa shi a kwali ki kai aji. Ki ba ɗalibanki allura da zare da ganyen shuwaka biyu, ki ce kowa ya gwada haɗa su ba tare da ganyen ya yage ba, sannan ki zagaya da na tela su gani. In kin samu dama ki aiko mini da hoton bayan ganyen, wajen ƙulle-ƙullen, ina so in ga ko da saƙar gizo-gizo zalla ya yi ko ya haɗa da auduga.